Ranar da Bindigar Kafaran ta Same Ni a Gindin Giginya

Ko da na manta sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa da shekarar da dorina ta hana mu sakat ba. Lokacin ba a daɗe da sauke tutar Faransa ba, hayin kogi kuwa Dahome ake ce masa. Ina amarya a wani ƙauye kusa da Tunuga, cikin gidan iyayen mijina, ga ƙaramin ciki da ban gaya wa kowa ba. A zamaninmu cikin fari ba abin faɗi ba ne. Sai dai manya su gani su kau da kai.

Dorinar nan da shinkafa ta fara. Ta hau fadama ta ci abin da za ta ci, ta tattake saura. Daga baya ta kifar da jirgin wani basarke mai kamun kifi da rana tsaka, mutane na kallo daga gaɓa ba mai iya komai. An tsamo jirgin a tsage. Shi kuwa sai can ƙasa da gari aka same shi, kuma ba a bar matarsa ta gan shi ba. Wanki ya tsaya, ɗibar ruwa ta koma rijiya, in kifi ya yi tsalle sai ka ga mata sun watse.

Uban mijina, wanda nake kira Baba, tsohon maharbi ne. Yana da adaka, irin bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki. Amma ya ce adaka sai ka matsa har ka ji warin dabba, kuma fatar dorina ba za ta ma san an taɓa ta ba. Sai mai gari ya kai kuka garin Gaya wurin kumandan mai mulkin yankin, aka aiko mana wani tsohon soja da ake ce wa Kafaran.

A zauren Baba aka sauke shi. Bindigarsa tana da sunan Nasara da bakina bai iya ba, mu dai bindigar giwa muke ce mata. Doguwa ce, baƙa, da wani madubi a bayanta kamar guntun gora. Harsashinta ya fi ɗan yatsana tsawo. Kafin a yi sallar la'asar, a bakin rijiya an ce harbinta yana kai garin Malanbil, can hayin kogi. Washegari an ce yana kai Kamba ta Najeriya. Wata tsohuwa ta rantse cewa harsashinta ba ya sauka sai ya sha jini.

Ina daka a bayan zana na ji Baba yana tambayarsa iyakarta. Na tsayar da taɓarya.

Kafaran ya ce, "Baba, tafiyar harsashi daban, samun abin da ka nufa daban. Daga nan zuwa tsamiyar bakin kasuwa, in na ce ido, ido zan samu. Gaba da nan iska ta fara jan shi, nauyinsa ya fara kai shi ƙasa. Yana da sauran ƙarfin kisa, amma ba ni ke zaɓa masa ba."

Maza suka gyaɗa kai, wai sun ji magana ta hankali. Ni abin da kunnena ya ɗauka ɗaya ne: akwai wurin da harsashi ke fita daga hannun mai shi, ya zama ba shi da ubangida, yana yawo yana neman wanda zai kashe. To wa zai zaɓa? (Ku yi dariya, jikokina, ku da kuka yi karatun boko a lakwal. Ni ko Gaya ban taɓa kwana ba a lokacin.) Na dafa cikina. Daga ranar ko ƙofar gida zan leƙa sai na sunkuya.

Ranar harbi aka yi shela kada mace ko yaro ya kusanci kogi. Baba da maigidana suka tafi noma gonar tudu, tare da wasu maƙwabta. Da hantsi ya yi, Inna, uwar mijina, ta ce gwiwarta ta tashi, ni zan kai abinci. Na so in ce a'a. Amma da wane dalili? In ce ina tsoron mutuwa da rai biyu? Na ɗauko gammo. Ta aza mini akushin tuwon shinkafa, a kansa ƙaramar tukunyar miya, ta sha manjan Dahome da tonka mai yaji, tana tururi.

Hanyar gonar ta cikin kurmin giginya take. Ban taɓa jin wurin shiru irin na ranar ba. Ba mai kiwo, ba mai itace, ko tsuntsu bai yi kuka ba. Ina tafiya ina laɓewa daga wannan giginya zuwa waccan, ina karanta duk abin da na iya, har da wanda ban iya ba. Ina ta lissafi a raina: tsamiyar kasuwa tana can baya, ke nan na riga na shigo inda harsashi ba shi da mai shi. Bayana yana ta ƙaiƙayi a wuri ɗaya, tsakanin kafaɗu, kamar an riga an sa alama.

Na hango su Baba a sunkuye cikin gero, na ce to, na tsira.

Sai ƙarar ta zo.

Ba irin ta adaka ba ce. Wannan ta tsaga sama, kogi ya amsa, tudu ya amsa. Na ruga na manne da gindin wata giginya. Ban gama numfashi ba wani abu ya sauko mini a ka, ya ratsa tukunya, ya dira a kafaɗata da ƙarfin da ya kai ni ƙasa. Na ji wani abu mai ɗumi yana bin wuyana, yana gangara bayana. Na shafa, na duba hannu: ja wur. Sai idanuna suka ɗauki zafi, duniya ta rufe. Na ce shi ke nan, wannan shi ne duhun da ake faɗi.

Jikokina, mai hankali a nan shahada zai yi ya yi shiru. Ni na yi shahadar, amma ban yi shirun ba.

Na buɗe baki na kira sunan mijina. Sunansa na yanka, tsirara, wanda mace ba ta faɗi ko a ɗaki. (Ya rasu da daɗewa, Allah ya ji ƙansa, kuma ko yau ba zan maimaita muku ba.) Na yi ta kira har na ji gudun mutane. Wani ya tsaya a kaina, na lalubo ƙafarsa na rungume da hannu biyu, na sa kumatuna a kai. Tun da mutuwa zan yi, sai na zazzage komai. Na ce ya yafe mini, ina da ciki, ɗansa zai tafi tare da ni. Na ce tun ranar da na gan shi yana tuƙa jirgi ba riga na rasa barci. Na ce in zai ƙara aure kada ya ba ta tabarmata. Na faɗi wasu abubuwan da ƙasa ce kawai za ta sake jin su.

Ƙafar ba ta motsa ba. Sai dai na lura tana da kaushi ƙwarai, da faso a diddige, ba kamar yadda na san ta ba.

Sai na ji murya daga sama, a hankali:

"Ɗiyata, sake mini ƙafa. Miya ce."

Baba ne.

Aka kawo ruwan gora aka wanke mini tonka daga ido. Da na fara gani, ga ɗan giginya nunanne a gefena, ƙato, ya sha manja. Ga tuwo cikin ƙasa. Ga maƙwabta a tsaye, kowa ya sami abin kallo a sama. Maigidana kuwa ya juya baya yana ta kankare hauyarsa da tsinke, kafaɗunsa na rawa. Na roƙi Allah a raina ya aiko harsashin na gaskiya.

An kashe dorinar da harbin nan ɗaya. Ashe Kafaran bai yi wani harbin nesa ba, a gaɓa ya kwanta ya jira ta ɗago kai kusa da shi. Da labarina ya kai masa, ya ce a gaya wa amarya bakin bindiga kogi yake kallo, ni kuwa ina can bayan ƙeyarsa. Ya ƙara da cewa harsashin nan yana riga ƙararsa isa, wanda ya ji ƙara ya gode Allah, ba shi aka samu ba. Da ma tun a zaure ya faɗi wannan.

Inna ta shafa mini man kaɗe a kafaɗa, da ta gama ta ce, "To, mun gode wa giginya. Ba don ita ba da sai ran suna za mu ji labari." Baba bai taɓa tayar da maganar ba har ya bar duniya. Amma damina ta wuce, rani ya wuce, in na shigo ta nan sai ya fita ta can, in kuma ya zauna sai ya naɗe ƙafafunsa cikin riga.

Abin da na koya kaɗan ne, amma ku riƙe. In kun ga ja a jikinku, ku lasa kafin ku yi wasiyya. In kuma zuciya ta ce lalle sai kun yi magana, ku buɗe ido tukuna ku ga ƙafar wa kuka riƙe.