Rasuwar Mai Ƙeya, Talabijin ɗin Likita

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika har ta daina jin nauyinsa, iyalan mai gyaran talabijin na bakin layi, wanda kowa ke kira Likita, suna sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da abokan hulɗa rasuwar talabijin ɗinsu, wadda aka fi sani da Mai Ƙeya. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan teburin aikin maigidan, bayan gajeriyar jinya. Shekararta ashirin da uku a gidan.

Marigayiyar ba 'yar kanti ba ce. Likita ne ya haɗa ta da hannunsa, lokacin yana ji da ƙarfinsa, daga wasu talabijin uku da masu su suka fid da rai: gilashi daga wannan, fanel, wato allon kayan wutar ciki, daga waccan, akwati daga ta uku. Tun daga nan ta zama shaidarsa. Duk wanda ya kawo gyara yana ɗari-ɗari, Likita ba ya ja-in-ja da shi. Labulen da ke tsakanin shago da falo kawai yake ɗagawa, ya nuna ta tana aiki, sai mutum ya ajiye kayansa ya tafi da kwanciyar hankali.

An shaide ta da natsuwa. Ba ta taɓa gaggawa ba. In an danna ta sai ta ce "dum", ta biyo da wani siririn "tsiii" da yara kaɗai ke ji, sannan ta bar mutum ya je ya sha ruwa ya dawo kafin ta kawo hoto. In hadari ya haɗu takan ce "shaaa" har sai ya wuce, ba ta ƙara ko kalma. Kuma mai ɗaukar nauyi ce. Agogo, makullai da hoton 'ya'yan gidan huɗu duk a kanta suka zauna, abin da waɗannan sirara na yanzu ba za su iya ba, don ko cokali ba ya zama a kansu. Aibinta ɗaya, takan yi fushi hoto ya dinga tsalle, sai uwargida ta ɗan mare ta a gefen hagu. Duk gidan ita kaɗai ta san wurin, har Likita bai sani ba.

Ciwon ajalinta ya fara ne da safiyar Talatar. Uwargida ta danna, jar fitilar ta ƙifta sau uku ta mutu. Babu "dum". Likita ya bi ƙa'idar da ya shekara talatin yana bi, wato daga bango ake farawa, ba daga ciki ba. Ya jona rediyo a soket ɗin, rediyo ta yi magana. Ya canja batirin rimot. Ya bi waya taƙi-taƙi yana lanƙwasawa, ba ta karye ba. Sannan ne shi da tela maƙwabcinsa suka kinkime ta zuwa tebur, ya kwance murfin baya da ƙyar, ya hure ƙura, ya gwada fiyus da mita. Fiyus lafiyarsa lau. Can kusa da inda wuta ke shiga ya hango cutar: kafasita guda, 'yar gwangwanin da ke riƙe wuta, ta kumbura kamar kuncin mai ciwon haƙori.

Aikin minti biyar ne. Ya yi shi ya fi sau dubu, kuma akwai sabuwa a gwangwanin da ke gabansa.

A nan iyalan suna so su gyara wata magana da ta zaga layi, cewa wuta ce aka kawo da ƙarfi ta kashe ta. Masu wuta ba su da hannu. Likita ne ya fara ɗora musu laifin da bakinsa, kuma shi ne ya ce a janye maganar, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Gaskiyar ita ce hannunsa na dama ya fi shekara yana rawa. Ya ɓoye iyakar ɓoyewa. Kofin shayi da hannu biyu yake ɗauka, ya ce zafi. Masu kawo gyara kuwa amsa ɗaya suke samu, wai ba a samun kayanta yanzu, a dawo wani mako. Tela ya ce a kira mai gyaran da ke bayan kasuwa, amma wanzami ba ya son jarfa. Likita ya kunna ƙarfen narka dalma ya jira ya yi zafi. Ya cire tsohuwar kafasitar, ya saka sabuwar. Da ya zo liƙewa sai bakin ƙarfen ya hau rawa a kan fanel. Ya kama wuyan hannun da hagunsa, to wa zai riƙe dalmar? Ya saki, ya sake gwadawa. A na uku ya liƙe. Abin da bai gani ba, ɗigo ɗaya ya faɗa gefe ya haɗa hanyoyi biyu da bai kamata su haɗu ba.

Ya jona ta. Maganarta ta ƙarshe ita ce "fat!" Ɗan hayaƙi ya tashi, warin ƙuna ya cika shagon.

Uwargida ta leƙo ta labule ta ce, "Ta tashi?"

Ya ce, "Wuta suka kawo da ƙarfi."

Ta ɗaga kai ta dubi fanka tana juyawa yadda ta saba, ta dubi ƙwan fitila da ko ƙiftawa bai yi ba. Ita ce ta yi wata shida tana ɓalla masa maɓallan riga da sunan gyara masa wuya. Ta ce, "Ai kuwa na ji alama. Sannu, Malam." Ta saki labulen.

Masu zuwa gaisuwa suna tambayar yadda maigidan yake. Yana cin abinci, yana amsa sallama, yana zuwa ya zauna a kujerarsa ta falo yana fuskantar teburin da babu komai a kai. Bai yi kuka ba, bai yi faɗa da kowa ba. Ya so a ce ya ji wani abu, ko ɗaci ko kunya, ya laluba bai samu ba. Da babbar 'yarsa ta bugo waya ta ce, "Baba, bari in aiko muku da sabuwa, irin ta bango," sai ya ce to, Allah ya yi albarka. Bai tambayi girmanta ba.

Marigayiyar ta bar rimot guda da aka ɗaure da roba, eriya a saman rufi wadda har yanzu ke fuskantar inda aka juya ta, da ƙyallen rufa ta da uwargida ta saƙa. Ta kuma bar talabijin goma sha ɗaya na jama'a, jere a kan kanta a shago, kowace da takardar mai ita a manne, waɗansu tun bara suke jiran wani mako.

Za a fitar da ita ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, lokacin da mai sayen tsofaffin ƙarafa zai biyo da baronsa. Ba za a cire mata komai don gyara wata ba, duk da cewa haka aka saba yi a sana'ar. Ba za a yi zaman makoki ba. Ana roƙon masu talabijin goma sha ɗayan nan su zo a ranar su ɗauki kayansu. Za su same su yadda suka kawo su, kuma Likita yana ba su haƙuri. Daga ranar ba za a ƙara karɓar gyara ba.

Roƙo na ƙarshe: har yanzu bayanta a buɗe yake. Sukurorin guda shida suna cikin murfin gwangwani a kan teburin, sukundireba na gefe. Maigidan ya gwada jiya, ya sake gwadawa yau. Ana neman wani ya zo da ɗan sauran lokaci ya mayar mata da murfin bayanta, kada a fita da ita a haka.

Allah ya ba mu haƙuri.