Watandar Man Shanu a Filin Jirgi

Idan ka shiga ƙauyenmu, can bayan Sandamu, ka tambayi wace ce Haulatu, kowa da abin da zai gaya maka. Matan unguwa za su ce ita ce wadda in ta soya man shanu ƙamshinsa kan tsayar da mai babur a bakin titi. 'Yan kasuwa sun ce ba a yi mata tayi biyu. Liman ya ce shekara talatin bai taɓa jin muryarta ta ƙetare katanga ba, kuma bai taɓa ganin wanda ya ƙetare maganarta ba. Mijinta, Allah ya jiƙansa, yakan ce shi mace ya aura aka haɗa masa da alƙali kyauta. Ni kuwa ba na cewa komai, domin yayata ce, ciki ɗaya, ita ta goya ni.

To ita wannan Haulatu na raka filin jirgi makonni uku da suka wuce, kuma abin da ya same mu nake so in ba ku yau.

'Yarta tilo, Zulfa, tana aure a Legas. Shekara tara ba haihuwa, sai bana Allah ya kawo ɗa namiji. Mu a gidanmu akwai al'ada: duk 'yar da aka haifa ana ba ta karsana, in ta girma ta haihu, ranar suna da man saniyarta ake shafa wa jariri a maɗiga bayan aski, sauran a riƙa zuba wa maijego a abinci. Ba na kasuwa ba, ba na aro ba. Tun cikin Zulfa yana wata bakwai Yaya take tara man jikanyar waccan karsana, ta soya shi, ta cika babbar kwalba guda. Da haihuwa ta zo, mijin Zulfa, Musaddiƙ, ya aiko da tikitin jirgi biyu, ɗaya nata, ɗaya nawa, wai ni ne mai karatu. Karatun nawa na yaƙi da jahilci ne, ina da furfura na fara shi, amma a gidanmu ni ne jami'a.

Kafin mu tafi na nemi shawarar maƙwabcina a nan Daura, Maliki, wanda ya san komai game da jirgi duk da bai taɓa hawa abin da ya fi a-kori-kura tsawo ba.

"Kada ka kuskura ka sa kwalbar nan a akwatin da suke karɓa," in ji shi. "Wurgi suke da kaya kamar masu lodin albasa. Riƙe ta a hannu."

"Na ji ana cewa ba a shiga da ruwa."

"Man shanu ruwa ne? Juya ta mu gani."

Na kifa kwalbar, mai ya tsaya cik, ko motsi. Maliki ya ce to ka gani. Na gani kuwa. Abin da ni da shi ba mu sa a lissafi ba shi ne rana.

Mun bar Daura bayan sallar asuba man yana daskare kamar sabulu. A hanya muka tsaya gaishe da masu shinge sau bakwai, taya ta yi faci sau ɗaya, direba ya bi layin mai sau ɗaya. Muka isa, aka karɓi akwatunanmu suka shige wani rami, sannan aka ce jirgi ya yi latti, mu jira a zauren da na'urar sanyinsa ke hutun ƙarshen mako tun bara. Da aka kira mu layin bincike, kwalbar ta rabu gida biyu, sama ruwa rawaya, ƙasa guntun daskararre.

A nan muka yi gamo da jami'in binciken kaya, Rankashidaɗe Sarkin Kwalabe, Allah ya ƙara masa kaifin ido. Ya ɗaga kwalbar sama, ya duba ta ta hasken fitila kamar mai duban ƙwai.

"Mama, mene ne wannan?"

"Man shanu."

"Ruwa ne."

"Mai ne," in ji Yaya.

"Doka ta ce duk abin da ke kwarara, in ya wuce mililita ɗari, ba ya shiga jirgi."

Na tari numfashinsa cikin ladabi, na ce ranka ya daɗe, da safe ba ya kwarara. Ya ce shi ba ya aikin safe. Na nuna masa na ƙasan da yake daskare. Ya karkata kwalbar hagu, ya karkata ta dama, sannan ya yanke hukunci cewa na ƙasan yana bin doka, na saman ne mai laifi. Yaya ta ce to ya bar mata na ƙasan. Ya ce ai a kwalba ɗaya suke, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Aka kira na gaba da shi, Mai Girma Babban Sarkin Kwalabe, wanda tumbinsa ya riga shi isowa da taku biyu. Shi ya fi zurfin ilimi. Ya taɓa kwalbar da bayan hannu kamar mai duba zazzaɓi, ya ce ko wanda bai narke ba yana da niyyar narkewa, kuma su aikinsu daƙile niyya.

"Ɗan nan," in ji Yaya a hankali, "kai ma in aka zaunar da kai awa huɗu a zauren can, narkewa za ka yi."

Ya ce ba a tsokanar jami'i a bakin aiki. Ya ba mu zaɓi uku: ko mu sa a akwati, ko mu shanye, ko mu jefa a duro. Akwati ya riga ya shige rami, an rufe wurin karɓar kaya. Shan kwalbar man shanu a tsaye kuwa, ko ɗan dambe bai isa ba.

Na leƙa duron. Jama'a, ban taɓa ganin taron miyagun makamai irin wannan ba. Zuma, man zaitun, turare, man gashi, maganin tari, ruwan rubutun da wani malami ya kwana uku yana wankewa. Kowane ɗayansu, in ji doka, zai iya kayar da jirgi daga sama. Amma ga su an tara su wuri guda, a gindin ƙafar Rankashidaɗe, yana jingine da duron yana latsa waya hankali kwance. Wannan jarumta ta cancanci lambar yabo. Na kuma lura, ba da wata manufa ba, cewa duk jami'an wurin fatarsu sumul take, tana sheƙi, ga ƙamshi. Aikin gwamnati akwai albarka.

Muna cikin haka aka ce kowa ya matsa gefe. Wani Mai Girma ne ya iso, irin waɗanda jiniya ke yi musu sallama. Aka buɗe masa wata ƙofa da ban san da ita ba. A bayansa mutum uku, ɗaya da kula, biyu da jarkoki suna ta ɓalam-ɓalam. Na tambayi Sarkin Kwalabe a hankali ko waɗancan mililita nawa ne. Ya ce wancan ruwan manya ne, an san asalinsa. Daga nan na gane cewa ruwa ma iri-iri ne, akwai ɗan gidan sarauta, akwai talaka. Kuma ko na talakan, in ka wuce na'urar bincike ka saye shi a kantin ciki da tsada, nan take ya tuba ya zama mutumin kirki.

Yaya ta rungume kwalbarta. Ba ta yi kuka ba, ba halinta ba ne. Ta ce da ni, "Nagoggo, in man nan bai hau ba, ni ma ban hau. Ba zan shiga gidan surukai da hannu biyu ana aske mini jika ba." Suna kuma washegari ne.

Ni mutum ne mai sauraro. A majalisa ana iya shan shayi zagaye uku ban tofa ba. Amma ranar sai na ji karatuna ya motsa. Na ce ranka ya daɗe, in mutum ɗaya yana da haƙƙin mililita ɗari, mutum goma fa? Ya ƙirga da yatsu, ya ce wannan babu laifi. Na ce man ɗaya ne fa. Ya ce a haɗe yake da haɗari, a rarrabe lafiya lau ne. Kamar 'yan ƙasa ke nan.

Wata Hajiya Siddiƙa mai sana'ar humra, da ke bayanmu a layi, ta ce tana da sababbin ƙananan kwalabe a jakarta, babu komai a ciki. Sai na juya na fuskanci layi, na yi jawabin da ban taɓa yin irinsa ba, har murya na ɗagawa. Na ba su labarin Zulfa, da shekara tara, da karsana. Na ce don Allah don Annabi mutum takwas su taimaka kowa ya riƙe mana kaso ɗaya, a yi watanda. Mutanenmu akwai tausayi. Wani dattijo mai carbi ya miƙo hannu, wani mai kwat ya miƙo, mata biyu, har da wani da bai ji Hausa ba amma ya ga ana rabo. Hajiya ta ɗura, ni na miƙa. Muka wuce na'ura mu goma a jere, kowa da kwalbarsa a ɗage kamar masu rantsuwar kama aiki, na'ura ko tari ba ta yi ba.

Babban Sarkin Kwalabe ya bi mu da gargaɗi. Ya ce in ya ga man nan ya sake haɗuwa a cikin filinsa, ya koma abin da yake da farko. Don haka na bi masu taimako ɗaya bayan ɗaya ina raɗa musu, "Ku riƙe a wurinku, in mun sauka na karɓa." Kowa ya ce to.

Yanzu ku saurara, a nan gizo ke saƙar. A tashar motarmu ta Daura, layi ɗaya mota ɗaya ne. Wanda ke gabanka da wanda ke bayanka duk inda za ka za su. Haka na taso na gani, haka na ɗauka duniya take. Ban ce da kowa Legas ba, su ma ba wanda ya tambaya, kowa ya ɗauka jirginsa za mu shiga. Lasifika ta yi wani gunaguni, na ga dattijo mai carbi da mutum biyu sun miƙe sun bi wata ƙofa, na ce sallah za su. Aka sake gunaguni, Hajiya Siddiƙa ta ɗago mini hannu ta bi wata ƙofar, na ce Allah sarki, alwala.

A Legas na tsaya a bakin ƙofar fita har mai shara ta zo ta share gefen ƙafata. Ba dattijo, ba mai kwat, ba Hajiya. Wani ma'aikaci ya duba mini, ya ce layin da muka bi na jirage uku ne, Abuja, Fatakwal, da namu. Na shafa aljihu don in fito da nawa kason, na ji danshi. Murfin ya kwance a sama, aljihun babbar rigata ya sha rabonsa.

Saura kwalba ɗaya, wadda Yaya ta ƙulle a bakin zaninta. Ita aka shafa wa jariri a maɗiga, ta isa har da ɗan ragi. Maijego kuwa da man gyaɗa ta yi jego. Uwar mijin ta tambaya cikin murmushi ko shanun Daura sun daina nono ne. Yaya ta ce suna yi, sai dai bana sun yi rabo da yawa. Daga wannan ba ta ƙara ce mini uffan ba, ba a Legas ba, ba a motar da muka dawo a ciki ba, domin ta rantse ita da jirgi sai a lahira in ana hawa.

Da na dawo na zauna a majalisa na zazzage wa hukuma kwandon laifi. Na ce wace irin doka ce ke tsoron man shanu ta bar jarka. Na ce da sun gyara na'urar sanyi da man bai narke ba, da jirgi ya zo a kan lokaci da bai narke ba, da shingaye sun ragu da bai narke ba. Duk gaskiya ne, kuma ina nan a kan bakana. Maliki ya saurara har na gama.

"To su suka ce ka raba wa baƙi ba ka tambayi inda za su ba?"

"Kai ka ce in riƙe a hannu."

"A hannunka na ce. Ban ce hannun mutanen Fatakwal ba."

Aka yi dariya, ban da ni. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mako biyu ina tsaye a kan nawa ina hango filin jirgi.

Shekaranjiya na hau babur na tafi ƙauye. Na tarar da ita a tsakar gida tana kaɗa nono, matan maƙwabta uku suna gefe suna tsinkar zogale. Na gaishe ta, ta amsa wa ƙwarya. Na durƙusa na fara kame-kame, na ce ai Yaya ita wannan doka.

"Doka ce ta goya ka?" ta ce, ba ta ɗago ba.

Sai na faɗi abin da ya kawo ni, a ƙasan maƙoshi.

"Ban ji ba. Ranar filin jirgi muryarka har bakin ƙofa ake jinta."

Matan suka ajiye zogale. Saniyar Zulfa ta leƙo ta kan danga tana tuƙa. Na gyara murya, na miƙe tsaye kamar mai kiran sallah.

"Yaya Haulatu, ni na ɓatar miki da mai, ba Sarkin Kwalabe ba. Shi kwalba ɗaya ya so ya ƙwace, ni na ba da takwas da hannuna, na shayar da aljihu ta tara. Na yi kuskure. Don Allah ki yafe mini."