Gumbar da Na Roƙa da Bakina

Ko da tsufa zai sa in manta sunana, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na fara buɗe baki a guruf ɗin danginmu na waya.

Na gama jarrabawa ke nan Baba ya ba ni tsohuwar wayarsa. Yaya Sani ya saka ni a guruf ɗin, inda dangi na Daura da na Zango da na Kano suke taruwa. Ya ja mini kunne: "Ke, aku! Nan ba ajinku ba ne, akwai manya. Ki karanta abin da ke sama kafin ki yi magana." Na ce to (ni da ko takardar jarrabawa daga tsakiya nake fara karantawa).

Washegari da hantsi na kunna data, saƙonni suka zubo kamar an fasa buhun gero. Wa zai tsaya karanta wannan? Na zarce ƙasa. Sai ga hoton Kaka Idi na Zango, ƙanin kakanmu, ya sha babbar riga yana murmushi da haƙoransa na goro.

Ku gane, ni da Kaka Idi ba ma haɗuwa mu rabu lafiya. Shi ya ce mini "amaryata mai ƙafar sauro", ni in ce masa ya daɗe a duniya, ya ba mu wuri mu sha gumbar sadakarsa. Wasan jika da kaka ne, kowa ya sani. Sai na ga ai ga damar da dangi za su san na iso. Na danna wurin ɗaukar murya, na gyara zama:

"Salamu alaikum jama'a! Wai tsohon nan har yanzu yana nan? Angona, ka mutu mana mu sha gumba, yunwa muke ji!"

Har da dariyata a ƙarshe, irin ta akuya.

Na zauna jiran yabo. Ina ganin sunayen waɗanda suka saurara suna ƙaruwa, ba wanda ya tanka. Sai Baffa Lawal, babban ɗan Kaka Idi, ya rubuta: "Ya riga ya ji maganarki, Ummi. Ƙarfe biyu za a yi jana'iza."

A lokacin ne na koma sama. Tun daga farko har hoton, babu komai sai innalillahi da Allah ya jiƙansa. Bayan sallar asuba ya cika.

Kafin in gano yadda ake goge saƙo, Baba ya shigo daga kasuwa. Bai dake ni ba (da ma ya daka, da na samu sauƙi). Ya miƙo hannu na ba shi wayar, ya ce, "Ɗauko hijabinki. Da bakinki za ki ba su haƙuri."

Muka hau motar Zango. A gidan makoki mata suna ganina suka fara taɓa juna. Na durƙusa gaban Inna Hajara, matar marigayin, na sunkuyar da kai. Ta dube ni kawai, ta juya kai. Haka na yi ta wanke-wanke a gidan ina jiran ta kira sunana.

Ranar sadakar uku ta aiko a kira ni. Ta ɗauko dunƙulen gumba ta sa mini a hannu.

"Ga abin da kika roƙa," in ji ta. "Da yana nan da ya fi kowa dariya, ja'ira. Amma ni ban iya ba tukuna. Ci."

Na gutsura. Gumbar ta sha zuma. Na fashe da kuka, ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta.

An mayar mini da wayar bayan arba'in. Yanzu ko hoton jariri aka saka a guruf, sai na hau sama na karanta tun daga sallama kafin in ce barka. Gumba kuwa, ko a bikin wa aka yi ta, na ƙoshi.