Yadda Za Ka Wanke Bidiyon Mahaifinka Har Mama Ta Kasa Gane Shi

Idan a gidanku akwai tsohon kaset guda ɗaya tak da marigayi mahaifinka ya fito a ciki, kuma Mama ta ce tana son ta sake ganin fuskarsa tun idanunta ba su gama rauni ba, to ka zo inda ya dace. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin bidiyon zai fito fes, babu ɗigo ko ɗaya, babu kuma wanda za a gane a ciki. An gwada, ya yi aiki.

1. Karɓi kaset ɗin da ƙarfin gwiwa

Mama za ta ciro shi daga ƙasan akwati, naɗe cikin tsohon ɗankwali. Za ta ce, "Ka bi shi a hankali, shi ke nan gare mu." Ka ce, "Haba Mama, ni ne fa." Kada ka ambata cewa shekaranjiya ka sauke manhajar gyaran.

2. Kada ka saurari mai gyara

Kai shi shagon dattijon nan da ke juye kaset zuwa kwamfuta. Zai cire tabarau ya gaya maka cewa yashi-yashin da ke yawo a hoton ba datti ba ne zalla. A cikinsa gashin gira yake, da saƙar riga, kuma in ka share shi duka da su zai tafi. Gyaɗa kai, ka yi godiya, ka karɓi filashin da ya juye maka bidiyon a ciki. Wanda ya shekara talatin yana aiki ɗaya ai ba ya son ci gaba.

3. Ja ma'aunin har ƙarshe

A manhajar akwai ma'aunin share yashi, daga sifili zuwa ɗari. Matsorata a ashirin suke tsayawa. Da ba a so a kai ɗari, da ba a rubuta ɗari ba. A arba'in, ratsin rigar Baba, wadda Mama ta ɗinka da hannunta, zai narke. A saba'in, furfurar gemunsa za ta bi. A ɗari, tabon girarsa ta hagu, wanda ƙofar shagonsa ta yi masa, zai ɓace, fuska ta yi sumul kamar sabon sabulu. Ka yi wa kanka tafi.

4. Tara jama'a

Aiki irin wannan yana bukatar shaidu. Kira Yaya da mijinta, kira Baffa ƙanin Baba. Ja wa Mama kujera daf da talabijin. Yi ɗan jawabi kafin ka kunna.

5. Tsaya daram

Mama za ta matso, ta daɗe tana kallon mutumin da ke riƙe da jariri.

"Waye wannan ya ɗauke ka?"

"Baba ne, Mama."

"Wane Baban?"

Baffa zai buga cinya: "Ashe yayana mai yake shafawa a ɓoye ban sani ba!" Yaya za ta ce wannan ai mutum-mutumin shagon tela ne aka sa wa hula. Ka ce ingancin zamani ne, sai ido ya saba. Mama ba za ta yi dariya ba. Za ta koma ninke ɗankwalin nan a kan gwiwarta, tana warwarewa tana sake ninkewa. Kada ka kalli wajen.

6. Ɗora wa talabijin laifi

Ba za a yarda ba. Yaya za ta miƙo hannu: "Malam gwani, ina wanda dattijon ya juye, kafin ka sa masa hannu?" Cikakken gwani ya riga ya goge shi. In kai ma, irina, ka manta shi a filashin da ke aljihunka, miƙa kamar ba ka damu ba.

Hoton zai zo yana rawa, yashi na zuba kamar yayyafi. Mama za ta sa yatsa a kan gilashin, daidai girar hagu.

"Ga shi nan. Sau nawa na ce masa ya gyara ƙofar nan." Can kuma, ba tare da ta waiwayo ba: "A bar mini shi da ƙurarsa."

Hattara: mai wannan rubutu ba ya ɗaukar alhakin tabo, furfura ko uban da ya ɓace sanadin bin shawararsa. Babu ruwansa kuma in Baffa ya laƙaba maka Mai Wanki, sunan ya bi ka har wurin aiki. Mai ƙorafi ya kai wa dattijon shago. Tabarau kawai zai cire.