Kabad Ɗin Kawu Kalkuleta

"Ni idan na auna abu sau ɗaya, tef ɗin ma sai ya gode mini. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa kuskuren santimita ɗaya ba."

Ke matso nan kafin Malama ta shigo, rufe littafin nan, don wallahi tun ranar Asabar labarin nan yake ta cina a ciki. Mai waccan maganar Kawuna ne, ƙanin Mamanmu, wanda duk layinsu ake kira Kawu Kalkuleta. Aikinsa fa karanta mitar ruwa ne gida-gida, amma idan kika ji shi yana bayani sai ki rantse shi ya ƙirƙiro lamba bakwai. Tef ɗin awo kullum yana rataye a wuyansa kamar likita.

To, matarsa, Anti, shekara huɗu kayanta suna cikin kwali. Duk abin da Kawu ya kafa a gidan nan sai ya karkace. Akwai wata kanta da ya buga a kicin, idan kika ajiye kofi a kanta da kansa yake tafiya har ƙarshe ya faɗo. Da Anti za ta tafi duba mahaifiyarta na sati ɗaya sai ta ce masa, "Maigida, ranar Asabar motar ƙarfe huɗu zan biyo. In na dawo na tarar da kabad a tsaye, na yarda kai gwani ne. In kuwa na tarar da kwalayen nan, tef da guduma duk a akwatina za su kwana na kulle, kuma ko ƙusa ba za ka ƙara bugawa a gidan nan ba."

Kin san a raba Kawu da tef kamar a raba shi da numfashi ne. Nan take ya auna ɗakin, daga ƙasa zuwa silin santimita ɗari biyu da arba'in, ya tafi wurin wani tsohon kafinta a bakin titi.

"Baba, kabad nake so. Tsayi ɗari biyu da talatin da tara, zurfi sittin. Santimita ɗaya tak na bar wa iska."

Kafinta ya cire fensir daga bayan kunne. "Yallaɓai, bari in yi shi gida biyu, sama da ƙasa, in zo in haɗa a ɗakin."

"Gida biyu aikin masu shakka ne. Guda ɗaya za ka yi, ka sa gam, ka buga ƙusa."

"A kwance fa za a shiga da shi. Wajen tayar da shi ne matsalar." Tsohon ya ɗauko kwalin ashana ya kwantar a tebur, ya ɗora tafin hannu a sama, ya fara tayar da kwalin a hankali. "Ka gani? Kafin ya miƙe sai ya bi ta kan kusurwarsa. Daga wannan kusurwa zuwa waccan kuwa ya fi tsayinsa tsawo."

Kawu ya yi wata irin dariya ta tausayi. "Baba, ajinka nawa a makaranta?"

"Uku."

"To ashana daban, kabad daban. Kai dai yi yanka, tunanin ka bar mini."

Ranar Asabar da ƙarfe goma sai ga kafinta ya kawo kabad a bayan mota, dogo, sai ƙyalli yake yi, kamar an kwanto masallaci. Mama ta aike ni in taya su shara, shi ya sa komai a idona aka yi. Kawu ya tara maƙwabta huɗu majiya ƙarfi. Aka shiga da shi a kwance ta gefe, ya wuce ƙofa lafiya lau. Kawu ya juyo ya kalli kafinta, ya ɗaga gira ɗaya, girar nan kuwa ta yi jawabi.

"To jama'a, idan na ce uku ku ɗaga. Ɗaya, biyu, uku."

Kabad ya fara tashi. Ya tashi, ya tashi, zuciyar Kawu ma tana tashi tare da shi, har ya fara shirya fuskar da zai tarbi Anti da ita. Sai ji muka yi ƙwas, kusurwar sama ta daki silin, farin fenti ya zubo wa mutane a ka. Kabad ya tsaya a karkace kamar mai ruku'u.

"Fanka ce," in ji Kawu. Fankar tana can gefe, ko kallon kabad ba ta yi ba, amma aka hau kujera aka kwance ta. Aka sake ɗagawa. Ƙwas, a daidai wurin ɗazu.

"Silin ɗin ne ya sauko. Ranar da na auna ba haka yake ba."

Wani maƙwabci mai gyaran babur ya ce, "Kawu, kankare ne fa. Akwai mutane masu haya a sama."

"Yauwa. Nauyinsu ne ya danno shi."

Ke, ba wasa ba, aika ni ya yi sama in roƙi mutanen su fito waje na minti biyar. Matar saman tana wanke-wanke, ta dube ni ta ce, "Ki ce masa har da firij za mu sauko ko shi ya zauna?" Na dawo na faɗa masa, ya ce mutanen yanzu ba su da haɗin kai.

Kafinta dai yana tsugune a bakin ƙofa. Ya miƙe a hankali ya ja tef daga kusurwar ƙasa ta baya zuwa kusurwar sama ta gaba, ya nuna wa kowa. Ɗari biyu da arba'in da shida da ɗoriya.

"Santimita shida ne suka hana, Yallaɓai. Ka ba ni awa biyu in rage masa ƙafa, kafin ƙarfe huɗu yana tsaye."

Da Kawu ya ce to, da yanzu ba ni da labarin ba ki. Amma ya kalli maƙwabta, ya ga suna ƙunshe dariya, sai ya ji a ransa cewa in ya yarda yau ɗan aji uku ya gyara masa lissafi, gobe ko mitar ruwa ya karanta sai an ce a kira wani ya duba.

"Ba wanda zai taɓa mini kabad da zarto. Matsalar ba tsawo ba ce, gogayya ce. Ku ƙara turawa."

Suka tura, suka tura, har kabad ya cije tsakanin ƙasa da silin, ba gaba ba baya. Mai gyaran babur ya ce bayansa ya amsa. Suka fita tsakar gida shan ruwa. Ƙarfe biyu da rabi a lokacin.

Kawu ya rage shi kaɗai a ɗakin, gumi har cikin kunne. Sai wata dabara ta faɗo masa, har ya tausaya wa sauran mutane da Allah bai ba su irin kansa ba. Idan ƙasa ta yi santsi, ai gindin kabad zai zame ya koma jikin bango, kan kuma ya miƙe da kansa. Ya leƙo ya ce in kawo masa bokitin ruwan sabulu. Na kai masa, ya ce in fita, ilimi zai yi aiki.

Ya sheƙa ruwan a gindin kabad, ya ɗan taɓa shi da kafaɗa.

Gindin ya zame kuwa, sai dai ba inda aka aike shi ba. Ya taho fuuu ya daki ƙofa, ƙofar ta rufe garam, kan ya gangaro ta jikin bangon can ya zauna daram. Kabad ya kwanta tsakanin ƙofa da bango kamar sakata, ƙofar kuma ciki take buɗewa. Maza huɗu suka sa kafaɗa daga waje, ko motsi.

"Kawu, kana da rai?"

"Ina nan. Duk cikin tsari ne."

Kafinta ya zagaya ya leƙa ta taga, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yallaɓai, a nan kam awonka ya fita. Ko takarda ba za ta shiga tsakani ba."

Yanzu saura taga, wata 'yar ƙarama ta bayan ɗaki. Kafinta ya kwance gilasanta ya auna, arba'in da arba'in. Kafin nan kuwa rabin layi ya taru a bayan gidan, har da matar sama da kumfa a hannunta.

"Kar ka gwada, Yallaɓai. Bari in ɓalle ƙofar daga waje."

"Ƙofar Anti? Ka rufa mini asiri. Yanzu za ku ga amfanin karatu." Ya tsaya a gaban taga yadda kowa zai gan shi, ya zagaya tef a cikinsa. "Ɗari da goma. Ku saurara, kyauta zan koya muku. Duk abin da yake zagayayye, ka raba zagayensa gida uku da ɗan kaɗan, faɗinsa zai fito. Ɗari da goma, faɗi talatin da biyar ke nan. Taga arba'in. Har da canjin biyar."

Kuma ke, wannan karon lissafin daidai ne, irin wanda muka yi a aji ne sak. Har kafinta ya gyaɗa kai.

Kawu ya taka kujera, ya miƙo hannuwa, kai ya fito, kafaɗu suka fito da ƙyar. Ƙirji ya wuce. Da aka zo kan ciki sai tafiya ta ƙare. Aka ja shi ta gaba ya ce wayyo, ya yi ƙoƙarin komawa baya, kujerar ta zame a ruwan sabulu ta bar shi. Rabinsa a waje yana kallon jama'a, rabinsa a ɗaki yana tuƙa keke a iska.

Ana cikin haka muka ji ƙarar jan akwati. Anti ce, motar ta iso da wuri. Ta ratso mutane ta tsaya a gabansa, fuska da fuska, don tsayinsu ya zo daidai.

Kawu ya yi murmushi. "Sannu da hanya. Ya jikin Inna?"

"Da sauƙi. Ina kabad?"

"Yana ciki."

"A tsaye?"

"Yana hutawa."

Anti ta juya wurin kafinta. "Baba, wa ya auna tagar nan?"

"Ni ne, Hajiya. Arba'in."

"Shi kuma wa ya auna shi?"

"Shi ya auna kansa. Ya ce ɗari da goma."

"A gaban mutanen nan?"

"A gabansu."

Anti ta sa hannu a hankali ta zare tef ɗin daga wuyan Kawu, ta naɗe shi tsaf ta jefa a jaka.

"Ai shi ke nan, tsuke cikin ya yi. Haka yake yi wa tela shekara ashirin, shi ya sa babu rigarsa ɗaya mai maɓalli a tsakiya. Ku ƙara ashirin da biyar a kai ku sake rabawa, ni bari in ɗora ruwan shayi. A ba shi nasa a nan inda yake, amma ban da sukari, kar ya ƙara faɗi."