Yaya da 'Ya'ya

"Lafiya lau, ina gajiya, ina iyali. Sauran gaisuwar riƙe ta sai an jima. Zo ka ga abin da ka haifa."

Malama ce ke magana, tana tsaye a kan kwamfuta da jan biro a hannu. Wanda ya shigo yana haki ɗan kawunta ne, taubashinta, da ta raɗa wa Ƙwaro tun suna yara, don babu rediyon gidan da bai shiga cikinsa ba. Yanzu gina shafukan intanet ne sana'arsa.

Ɗakin ƙarami ne, a saman wani kantin magani: tebur ɗaya, kujerun roba, fanka mai ƙara, da hoton wata yarinya cikin kayan makaranta a bango. Daga nan Malama ke shirya gwajin sikila kyauta ga yara, shekara biyu bayan cutar ta ɗauke autarta. Likitoci sun ce za su zo ran Asabar in an kai musu sunaye ɗari kafin jibi. Ƙarfe goma gidan rediyo zai karanta adireshin shafin rajista. Agogon bango ya nuna tara da minti ashirin.

"Uwar Gyara, kin tashe ni daga kan karin kumallo. Me ya ƙone?"

"Fom ɗinka ya kurumce. Duba."

Ya duba. Akwatuna takwas ne a jere, farare tas, babu wanda aka rubuta abin da yake nema. Ba Suna, ba Shekaru, ba Lambar waya.

"Jiya garau na bar shi."

"Gashin kanka ma garau ka bar shi bara, yau ina yake? Uwa ta buɗe wannan ta zuba me? Sunan mijinta a gurbin shekarun yaro?"

"Fom na masu basira ne. Kowa ya yi tunani."

"Ashe kai ba za ka iya cika shi ba."

Ya ja kujera ya zauna, ya sake loda shafin. Babu. Ya buɗe shi a wayarsa. Babu. Ya ja linzamin kwamfutar a kan wuraren da rubutun ya kamata ya tsaya.

"Me kake shafawa kamar mai neman kwarkwata?"

"Wataƙila rubutun ya koma fari a kan fari."

"Irin takardar jarrabawarka ta aji uku."

"Wadda kika kwafa kika zo ta biyu daga ƙarshe?"

Ba launi ba ne. Malama ta saci kallon agogo. Wata huɗu tana hawa benayen ofisoshi kafin ta samu wannan Asabar ɗin.

Ƙwaro ya danna wurin sauya harshe ya mai da shafin Turanci. Nan take rubutu ya cika saman kowane akwati.

"Ga su!" ya buga tebur. "Wa ya ce ban iya ba?"

"Ni ce, kuma ban janye ba. Da Turanci bakinsa ya buɗe, da Hausa ya yi gum. Ɗa ya gado ubansa."

"Tsaya ki ƙaru. Manhajar da na ɗora shafin a kanta ba ta ajiye kalmomi a jikin fom. Kowane harshe da fayil ɗinsa, fom aika yake yi a ɗauko masa. In ta kasa karanta fayil, sai ta miƙo masa hannu wofi. Fayil ɗin Hausa ne ba shi da lafiya."

"Wa ya rubuta shi?"

"Ni."

"To ina zai samu lafiya?"

Ya buɗe tarihin fayil ɗin, ya kusantar da fuska, sannan ya juyo a hankali yana murmushin da ba ta so.

"An taɓa shi yau, bakwai da minti goma. Mutum biyu ke da kalmar sirri. Ni, da wata tsohuwa da ta rantse mini duba rubutu kawai za ta yi. Da ido."

"Tsohuwa? Wata uku na ba ka!"

"Kin taɓa ko ba ki taɓa ba?"

"Gyara na yi. Ka rubuta Yawan yaya. Yayyen mutane muke ƙirgawa? Ko tambayarsu muke yaya suke? 'Ya'ya ake rubutawa, jahili mai digiri."

Ƙwaro ya kama kai ya kwashe da dariya har kujera ta yi ƙara.

"Wayyo ni! 'Yan waƙafin saman nan naki!"

"Sunansu alhamza."

"Ko sunansu Alhaji ne, su suka kashe mana fom. Duba nan. Kowace jimla tana zaune tsakanin alamomi biyu, kuma kamarsu ɗaya da alhamzarki. Na'ura ba ta yi ajinki ba. Ta ga ta farko ta ce an buɗe magana, ta ga taki ta ce an rufe. Ragowar ta rasa inda za ta sa, ta yi zuciya ta watsar da fayil ɗin gaba ɗaya. Bari in cire su."

"Ka taɓa su in taɓa ka."

"Tara da arba'in, Uwar Gyara."

"Ko goma saura daƙiƙa ce. Ba za a nemi 'ya'yan mutane da sunana a kira su yaya ba. In na'urarka ba ta jin Hausa, koya mata."

Ya dube ta, ya ga ba duka ne wasa ba. Ya sosa sanƙonsa.

"Akwai hanya. In na kewaye jimlar da alamomi masu baki biyu, naki masu baki ɗaya su zauna a ciki lafiya."

"Da ma ka san haka ka shekara kana yi wa kalmomi kaciya?"

Ya gyara, ya adana, ya sake loda shafin. Akwatuna takwas, farare tas. Ya juyo.

"Nawa kika gyara?"

Malama ta duba fanka.

"Uwar Gyara."

"Goma sha ɗaya."

"Goma sha... Karanto su! Maza!"

Ta zaro takarda daga jaka, duk ta sha jan biro. "Sana'a. Ka rubuta sanaa kamar mai hamma. Jama'a. Ma'aikaci. Ɗan'uwa, layi na ƙasa, makaho! Sa'a."

"Ita muke nema."

Tana karantowa yana bugawa, gumi na bin wuyansa. Goma saura minti bakwai ya danna. Suna. Shekaru. Lambar waya. Sana'a. Duk suka fito, kowanne a saman akwatinsa.

Malama ta yi ihun da ya sa mai kantin magani leƙowa daga ƙasan bene yana tambaya ko lafiya.

"Lafiya lau!" in ji Ƙwaro. "Tsufa ne!" Ya juyo gare ta. "Mu gwada shi da ke kafin mutane su shigo. Suna: Uwar Gyara. Sana'a: ɓata aikin mutane. Yawan 'ya'ya..."

Yatsansa ya tsaya a kan biyu. Bai danna ba.

"Uku," in ji ta, tana kallon hoton autarta a bango.

Ya rubuta uku, ya aika. Fom ya ce an karɓa, an gode.

Ta kunna rediyon wayarta. Mai sanarwa ya karanta adireshin sau biyu. Suka zuba wa allon ido. Minti biyu, sai suna ya faɗo: wata tela, 'ya'ya huɗu. Sai wani. Sai uku a tare.

"Biyar! Shida!" Malama na ƙirgawa tana dukan kafaɗarsa. "Ƙwaro, takwas!"

"Ki bar kafaɗar, ita ke ciyar da iyali. Yanzu faɗi da bakinki: wa ya ɓata, wa ya gyara?"

"Kai ka fara ɓatawa."

"Wa ya gyara?"

Ta yi tsaki, dariya ta ƙwace mata. Ta cilla masa jan biron, ya cafe.

"Karɓi. Yau ɗaya kai ne malami."

Ya juya shi a hannu kamar an ba shi makullin mota. Ya yagi takarda ya rubuta kalmar 'ya'ya da manyan haruffa don ya manna a jikin kwamfutarsa, ya ɗaga ta gani. Alhamza ɗaya ya sa maimakon biyu.

"Ba ni birona," in ji Malama.