Sha'ir a Kashin Goɗiya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da kashin doki ya tona mini asiri a gaban dattawa uku.

Watana biyu a garin Sabha, can ƙasar Larabawa, ina dakon bulo a unguwar Gurda, sai Baba Ilu, wani dattijo mutumin Tasawa da ya daɗe a garin, ya tambaya ko akwai wanda ya iya kiwon doki a cikinmu. Na miƙe tsaye na ce ai ni a bargar doki aka yanke mini cibiya. (Gaskiyar magana, maƙwabcinmu ne a Malumfashi yake da doki, ni kuma ta katanga nake leƙensa.) Baba Ilu ya tsaya mini, aka ɗauke ni aiki a gonar wani Balarabe a bayan gari, wanda kowa ke kira Hajj.

Goɗiya ɗaya ce aikina, fara, mai ƙiba, wuyanta kamar turmi. Hajj ya nuna mini abincinta: tibin, wato busasshen karan sha'ir, ɗan'uwan alkama, da ya rage bayan an cire hatsin, sai 'yar busasshiyar ciyawa da ake gaurayawa a ciki. Ya ce ban da hatsi, ban da ɗanyar ciyawa, likita ne ya hana. Na ce to, amma a raina na ce wannan rowa ce aka sa mata rigar likita. A garinmu ƙibar doki ita ce mutuncin mai shi. Gero da kanwa ake ba shi har sai fatarsa ta yi sheƙi. Mutum da motoci uku yana ba dabba kara?

Ita ma goɗiyar ta iya kallon tausayi. Sai na fara ɗebo mata sha'ir daga buhun tumaki, tafi guda, ya koma kwano, na haɗa da dabinon da ke zubowa a gonar. Duk Juma'a kuma in na shiga unguwar Manshiya wajen mai shayi, sai in baje labarin rowar Hajj, ina faɗin yadda Allah ya turo ni in ceci baiwarsa.

Wata safiya na same ta tsaye ta miƙa ƙafafun gaba, ta jingina nauyinta baya, ta ƙi ko taku ɗaya. Na taɓa kofaton, zafi rau. Hajj ya zo a ruɗe da likita, aka kira Baba Ilu ya yi mana tafinta.

Nan ne ya kamata in yi shiru. Ina! Na gyara tsayuwa na ce, “Baba, gaya wa likita yunwa ce. Dabbar da ake ba kara ina za ta samu ƙarfin ƙafa?”

Baba Ilu ya harare ni. “Yaro, ka tabbata in hwaɗi haka?”

“Faɗa masa, Baba. Mun san doki.”

Likitan ya saurara har ƙarshe. Ya tsinci wani tsinke, ya tsuguna gaban kashin da ban riga na kwashe ba, ya fasa shi. Ga ƙwayoyin sha'ir nan ɓaro-ɓaro. Ya ƙara tonawa, ƙwallon dabino ya gangaro ya tsaya daidai takalmina. Wallahi na so ƙasa ta buɗe in shige.

Ya yi bayani a natse, Baba Ilu yana juya mini da murya kamar ta mai karanta hukunci. Ƙibar ce ciwonta. Hatsi da zaƙi su ke sa naman cikin kofato ya kumbura, in abin ya yi tsanani ba ta sake tsayuwa. Tibin ɗin da na raina shi ke cika mata ciki, ta daɗe tana tauna, ba tare da ya ƙara mata kitse ba.

Hajj bai zage ni ba, da ma ya zaga. Sai kawai ya kalli Baba Ilu, dattijon ya sunkuyar da kai saboda ni. A mota Baba Ilu ya ce mini, “Shekara nawa ina garin ga, ban taɓa jin kumya irin ta yau ba.”

Ba a kore ni ba. An ce wanda ya ɓata shi zai gyara. Kwana uku ina tsugune ina tsoma ƙafafunta cikin bokitin ƙanƙara, sannan makonni ina shimfiɗa mata yashi mai laushi. Ta warke, ta rame, tana tafiya, amma likita ya ce ta gama gudu har abada. Hajj yakan zo da yamma ya shafa wuyanta ya tafi, ba ya hawa.

Tun daga nan, in tausayin wani ya kama ni, nakan fara tambayar me ke damunsa kafin in ɗauko kwano.